Hannun Da Ke Kan Sitiyari

Hannun nan da ke kan sitiyari nawa ne.
Ku ɗaga kai ku dubi allon, can gefen kogin Mapocho,
inda Amaro ya buɗe wa Santiago gonar auduga.
Fuska tasa ce, ban musa ba.
Amma ɗan tabon da ya leƙo ƙarƙashin safar hannu,
wanda lagireto ya ba ni kyauta ina 'yar sha shida,
sun manta ba su goge ba.

Kwana uku muka yi a hamadar Atacama.
Yana cikin tanti ana shafa masa hoda,
ni aka zura wa rigarsa, aka tusa gashina a hula,
aka ce, Ximena, sha kwanar nan da ɗari da arba'in,
ki tada ƙura, amma ta tashi hagu, rana tana dama.
Sau sha tara na sha ta.
A na ashirin mai kyamara ya sumbaci yatsunsa.

Sannan aka kawo shi,
aka zaunar a motar da ke tsaye cik,
samari biyu na jijjiga ta ta baya,
wani na bin gashinsa da fanka.
Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa, ya ce wanne ne birki?
Na nuna masa.
Yaro ne mai ladabi. Waƙa ya iya, kuma ya iya ta.

Don Evaristo, mai tsara tallar, yana ɓare lemo da farce
ya ce mini, ba a sayar da ƙarfe, 'yata.
Muryar da ta raka mutum ranar aurensa
ita za ta raka shi wurin dillali,
ba zai tambaye ta lasisi ba.
Ya nuna kujerar baya da ɓawon lemo,
inda wata yarinya ke barcin haya,
uwarta a bayan fitilu tana ƙirga awa.
Wannan, in ji shi, ta ƙirji ce.
Lissafi kuwa, sai a ƙarshe:
kilomita sha takwas a lita,
don mutum ya sami abin da zai gaya wa kansa da dare.
Wata arba'in da takwas na bashi
muka bar wa ƙananan baƙaƙe,
su bi gindin allo kamar tururuwa.

Na sa hannu a takarda cewa bakina alaikum.
An biya ni. Na gyara rufin ɗaki.

Ranar Lahadi na je Puente Alto cin abinci.
Babana, Segundo, shekara talatin da ɗaya a tasi,
gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi,
yana shan romon kaza gaban talabijin
sai ga jar motar ta keto ƙura.
Cokali ya tsaya a hanya.

Dubi, ya ce, dubi yadda ya saki birki kafin kwana,
bai yi faɗa da ita ba, lallashinta ya yi.
Wannan ba a koyar da shi.
Da shi ake haihuwar mutum.

Shi ya koya mini.
A filin bayan kasuwa, da tsohuwar tasinsa,
yana dukan cinyarsa yana cewa saki, saki, lallashe ta.

Na ce, Baba, giyarta ta uku tana da taurin kai.
Ya ce, ke ina kika sani?
Ya lalubo biro, ya rubuta lambar dillali
a bayan takardar maganinsa.

Ya ce in miƙo gishiri.
Na miƙa da hannun dama, na ja hannun riga baya,
tabon a fili, dab da farantinsa.
Ya karɓa bai duba ba.
Amaro yana murmushi,
kuma an sake sako tallar daga farko.